Filin Lilo a Shekarar Fari

Tun da na dawo daga Kano ban huta da tambaya ba. In na zauna teburin mai shayi a bakin tashar Agiye, sai wani ya ce in ba su labarin lilon nan mai wuta. In na koma shago, wanda ya zo ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa ma ba ya tashi sai ya ji ko gaskiya ne akwai ƙarfen da ke ɗaga mutum ya wuce tsawon kuka. Nakan tsinto musu abin dariya a ciki in yi shiru. Jiya wani malamin lakol, wato makarantar boko, ya ce mini rabin labari nake ba su, kuma kowa ya gane. Gaskiyarsa. Bari in faɗe shi tun daga farko, har da wuraren da nake tsallakewa.

Sunana Isufu, sana'ata hoto. A Maraɗi na koya, wurin wani tsohon Bayarabe mai akwatin hoto irin na da, wanda ake cire masa marfi a jira a mayar. Da farin nan ya shiga shekara ta biyu na yi ciniki irin wanda ban taɓa yi ba, domin duk namijin da zai tafi kudu yana son hoton takarda. Na ɗauki fuskokin rabin mazan ƙauyukanmu. Da suka gama tafiya, shago ya yi tsit.

Ana cikin azumi aka aiko mini daga Gidan Sori cewa yayata Hadiza tana nemana. Na hau motar kasuwa zuwa Maraɗi, daga can na ƙarasa a amalanke, jakin yana tafiya muna sauka muna tura shi. Mushen shanu a gefen hanya har ungulu sun daina sauka. A Gidan Sori gida bayan gida an toshe ƙofa da ƙaya, masu shi sun tashi. Na iske Yaya Hadiza tana sauya wa anza, ƙwayar dajin nan ta lokacin yunwa, ruwa a tukunya, don ɗacinta ya fita a samu abin ba yara. Ɗiyanta biyu na zaune a inuwar rumbu, Sani da ƙanwarsa Mariyama. Na duba ban ga ƙaramar ba. Ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba sai da muka sha ruwa: ƙyanda ta kama yarinyar a kan yunwa, an rufe ta tun farkon azumi.

Mijinta Laminu ya tafi cin rani tun bayan da shukar bara ta ƙone. Ya aiko da saƙo sau ɗaya, daga nan shiru. Wani mutumin garin da ya dawo ya ce ya gan shi cikin ma'aikatan wasu masu kafa lilo gari-gari, kuma ya ji za su yi Sallah a Kano.

"Ka je ka nemo mini uban yaran nan," in ji ta. "In yana raye ya zo, ko ba ya da komai. In ya mutu in sani, in yi takaba."

Na ce to. Ba na da kuɗin tafiya, sai kyamara da fim ɗin da ya rage. Ƙafafun kyamarar na bar su a shago saboda nauyi, abin da na yi da-na-sani daga baya.

Iyaka a rufe take a lokacin, ba a bi ta babbar hanya. Na koma Agiye na wuce Gazawa, inda aka ce akwai masu ratsa daji zuwa kasuwannin ƙasar Katsina. A can, ƙarƙashin rumfar wani mai gyaran keke, na haɗu da Buba. Bafulatani ne dogo daga wajen Sae Sabuwa, ya manyanta, da malfa da sanda da gora. Ya ce mini garkensa ya kasu biyu: rabi ya mutu a gabansa, rabin da ke iya tafiya ɗansa ya kora shi kudu tun kaka, kuma har yau ba labari. Hausarsa a karye take, namiji ya kira shi mace, mace ya kira ta namiji, ni kuma tun daga ranar farko ya sa mini suna Kaɗo. Da ya ga ina juya fim a hannu ina neman inda zan ɓoye, ya karɓa ya cusa cikin malfarsa ya mayar a ka.

Wannan dabara ce ta cece ni. Mun tsallaka da tsakar rana, lokacin da aka ce masu tsaro suna inuwa, sai ga wasu masu kaki biyu a kan babur ɗaya sun tare mu cikin wani busasshen rafi. Har yau ban san ko na wane ɓangare ba ne. Suka zazzage jakata. Ɗaya ya ɗauki kyamara yana juya ta kamar ya tsinci ƙwan maciji, ya ce ni ɗan leƙen asiri ne. Ya buɗe bayanta ya zaro fim ɗin ciki ya ɗaga shi ga rana don ya ga abin da na ɗauka, bai ga komai ba, ya ƙara fushi. Buba dai ya tsuguna gefe yana kallon ƙasa, ya nuna ba ya jin ko kalma ɗaya. A ƙarshe agogon hannuna ya raba gardama. Da suka tafi Buba ya ce kansa ya kusa dahuwa, in karɓi kayana.

Kakanmu daga ƙasar Katsina ya ƙaura zuwa Agiye, kuma akwai gidan ƙanensa a cikin birni. Na taso ina jin ana cewa duk ranar da ka je, gidanku ka je. Muka isa dab da shan ruwa muka iske zaure cike da 'yan uwa irina, daga Tasawa, daga Mayayi, kowa da tabarmarsa da zumuncin da ya tuno. Maigidan, wanda muke kira Baba Alhaji, bai ɓata rai ba. Ya sa aka kawo kunun tsamiya da ƙosai, ya tambayi mutanen gida ɗaya-ɗaya da sunansu. Bayan tarawi ya ja ni gefe ya ce ana kamen baƙi marasa takarda, an ce masu unguwa su kai sunan duk wanda ya sauki baƙo, gara mu yi sammako. Yana faɗa yana kallon ƙafafunsa. Ban ga laifinsa ba.

A gidan nan na koyi kama bakina. Na tambayi wani yaro ko yana zuwa lakol, yara suka fashe da dariya suna maimaitawa. Su makaranta suke cewa, buro kuma ofis, jandarma ba su ma san shi ba. Harshe ɗaya, fuska ɗaya, amma kalma guda ta isa a san daga inda ka fito. Kuma duk wanda ya fito daga arewa, Buzu ne a wurinsu. Ni ban damu ba. Buba kuwa abin ya ci masa rai, ya yini yana gunaguni da Fulatanci.

Motar da muka samu zuwa Kano babbar mota ce shaƙe da busassun fatun shanu, muka hau can sama. Warin ba ya faɗuwa. Buba ya yi ta ɗaga fatun yana duba shaidar wuta da ke jikinsu, yana kiran sunayen masu su a hankali: wannan na gidan wane ne, wannan na wane. Ina jin tsoron ya ga tasa. Bai gani ba, ko kuwa ya gani bai faɗa mini ba. Da muka wuce Bici ya daina dubawa ya rufe fuska da rawani.

A Kano muka sauka wurin wani fatoma da ke saukar da mutanen Maraɗi, ya ba mu gefen baranda. Abin da ya fi ba ni mamaki a garin ba benaye ba ne, abinci ne. Ba wai su ma ba sa kuka da tsada ba, suna yi ƙwarai. Amma na ga mutum ya ci teba da jar miya ya bar saura a kwano ya tashi, mai abincin ta zuba wa kare. Daren da aka ga watan Sallah, fatoma ya yi mana alheri da shinkafa da wake da mai da yaji. Na ci kamar ba gobe, cikina da ya saba da anza da dusa ya ƙi karɓa, na kwana ina zarya bayan gida. Buba ya ci loma kaɗan ya ƙulle sauran a bakin zane.

Ranar Sallah da la'asar muka nemi filin. Ba wuyar samu, domin tun daga nesa ana hango lilon: wani ƙaton ƙarfe kamar ƙafar keke a tsaye, da kujeru rataye a jikinsa, yana juyawa yana kai mutane sama yana sauko da su. Gefensa akwai dawakan katako masu zagaye, da wasu kujeru masu sarƙa da ke watsuwa waje in an juya su. An kewaye filin da waya. A ciki yara da sababbin kaya, mata da maza a cakuɗe a kujera ɗaya suna ihu, abin da a Agiye da an yi shekara ana maganarsa. A waje kuwa, jikin wayar, mutanenmu ne a jere: mata da goyo, tsofaffi, Fulani, Buzaye, Hausawa, kowa da ƙoƙo a gabansa. Ba sa ko roƙo. Suna zaune ne kawai suna kallon ciki.

Na shiga da kyamara a wuya, Buba yana riƙe mini jaka kamar yarona. Na bi ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya ina tambayar Laminu, Bagobiri mai zane a kumatu. Kowa ya ce bai san shi ba, kuma kowa kafin ya amsa sai ya dubi wata rumfa. A rumfar na sami mai lilon, wani kakkauran mutumin kudu mai Hausar kasuwa. Ya ce shi ba ya ɗaukar baƙon haure, in fita masa daga fili. Har na juya, sai ya ga kyamara ya kira ni. Ya ce yana son hoton lilonsa da dare, fitilu a kunne, don ya riƙa nuna wa hukumar duk garin da zai nemi fili. Masu hoto biyu sun gwada, in ji shi, sun kawo masa baƙar takarda da 'yan ɗigo-ɗigo. In na iya zai biya, kuma in shiga in fita yadda nake so. Na ce na iya. Ban taɓa yi ba, amma ba ni da wata hanyar zama cikin filin.

Da aka yi isha'i suka tada inji, fitilu suka kama. Ni da na fito daga garin da aci-balbal ma ta gagara, na tsaya baki buɗe har Buba ya zungure ni. Na san walƙiyar kyamara ba za ta kai saman lilon ba. Sai na tuna akwatin maigidana na Maraɗi: in haske ya yi kaɗan, sai a bar idon a buɗe ya sha a hankali, muddin akwatin bai motsa ba. Ba ƙafafu, sai na mirgino wata ganga na ɗora kyamara a kai, na tokare ta da duwatsu da zanen Buba. Na rufe idon da hulata, na danna na riƙe, na janye hular, na karanta Ƙulhuwallahu a zuci, na mayar. Wani hoton na ba shi Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya, wani uku, wani har na ƙara da Falaƙi da Nasi. Matsalar yara ce. Da sun ga kyamara sai su taru gabanta suna gyara hula, wani ya jingina da gangar. Buba ya tsaya da sanda yana korarsu kamar maruƙa. Na yi ta sauya wuri ina mirgina ganga har fim ya ƙare. Laminu dai ko mai kama da shi ban gani ba.

Washegari na sami wani mai shagon hoto a Sabon Gari da aikin Sallah ya yi wa yawa. Muka shirya in taya shi wanki, ya bar ni in wanke nawa. Da takardar farko ta fara fitowa cikin ruwan magani, sai da na kira shi ya gani. Lilon ya ɓace, babu ƙarfe babu kujera, sai zobba na haske, wani cikin wani, kamar faifan da aka saƙa da wuta. Dawakan katako sun zama farin kwano a kife. Taron nan da ya cika filin, masu sababbin kaya, duk babu su, sai wani hazo-hazo a ƙasa, domin duk abin da ke motsi ba ya zama a irin wannan hoto. Waɗanda suka fito su ne na jikin waya. Sun fito sarai, har ƙoƙunansu, saboda ba su motsa ba.

Ina jera hotunan su bushe, sai idona ya kai kan wanda na ɗauka daga bayan dawakan. A gefensa akwai motar da ke ɗauke da injin wuta, kuma a ƙarƙashinta, tsakanin tayoyi, mutum ne zaune. Na mayar da fim ɗin na ƙara girman wurin. Fuskar ba ta fito sosai ba, amma na san zaman: gwiwa ɗaya a tsaye, kai a karkace kamar mai sauraron abu daga nesa. Haka Laminu yake zama a ƙofar gidansa tun ina yaro ina kai wa Yaya saƙo. Kuma fuskarsa wajen kyamarata take kallo.

Da magariba na koma. Buba ya ce shi yau zai zauna a waje, ya ji akwai Fulanin da suka fito daga wajen da ɗansa ya nufa. Na zagaya bayan motar injin na durƙusa. Ƙarar ta sa bai ji zuwana ba sai da na taɓa ƙafarsa. Bai yi mamaki ba. Ya ce tun jiya ya gan ni, ya ga ina mirgina ganga, ya yi ta addu'a in gaji in tafi.

Tsakanina da shi wasa ne tun da ya auri yayata, ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Ranar ban sami abin tsokana ba. Ya rame har zanen kumatunsa ya zurma. Hannunsa na dama yana cikin riga. Da na miƙa masa nawa, ya daɗe kafin ya fito da shi: babban yatsa ne kawai ya rage, sauran wurin ya warke ya yi sumul. Ya ce bel ɗin injin dawakan ne ya kama shi a wani gari, tun sanyi. Mai lilon ya kai shi asibiti, bai kore shi ba, ya bar shi gadin gangunan mai, yana ba shi abinci, da rana kuma ya ɓuya ƙarƙashin mota saboda kame. Abin da ya tara duk ya tafi a magani. Ya ce ya sha tashi zai aika saƙo, sai ya rasa me zai ce. Manomin da ba ya iya riƙe sungumi, ya koma ya zama baki na biyar a gidan da babu hatsi?

Sai ya fara tambaya. Hadiza? Na ce tana nan. Sani? Yana nan. Mariyama? Tana nan. Ƙaramar sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka ba ya kiran sunanta.

"Uwata fa?"

Na ce, "Yaya Laminu, sai haƙuri. Tun farkon azumi."

A samanmu dawakan suna zagayawa, yara suna ihu, kiɗa na tashi daga lasifika. Ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Na zauna tare da shi har aka kashe inji. Da wurin ya yi shiru ya tambaye ni wa ya haƙa kabarin, na ce maƙwabcinsa ne, da wani tsoho. Ya ce wannan aikinsa ne, shi uban. Daga nan ya ce in zo da safe, zai bi ni.

Da hantsi na kai wa mai lilon hotuna. Ya yi murna da zobban wutar har ya kira ma'aikata su gani. Da ya lura da mutanen jikin waya sai fuskarsa ta canza, ya ce wa zai nuna wa wannan, ai sai a ce lilonsa yunwa yake tarawa. Ya miƙo mini almakashi. Na yanke ƙasan kowane hoto a gabansa, guntayen na zuba a aljihu. Ya biya ni yadda muka yi. Da na ce Laminu zai tafi, bai musa cewa ya san shi ba. Ya ƙara masa wani abu, ya ba shi tsohuwar rigar sanyi, ya ce mu fita ta baya.

Fitar bayan ce ta raba mu da Buba. Muna cikin rumfar muka ji hayaniya a bakin ƙofa. Manyan motoci ne suka tsaya, aka kewaye mutanen jikin waya ana loda su. Ba wanda ya gudu, mafi yawansu ba su da ƙarfin gudu. Na hango malfar Buba a cikin mota ta biyu, yana tsaye ya fi kowa tsawo, yana waige-waige. Na yunƙura, Laminu ya riƙe mini riga da hannunsa mai lafiya ya ce in na je mu uku za a tafi da mu, hatsin da za mu saya kuma wa zai kai gida? Na tsaya. Daren jiya Buba ya gaya mini an ce an ga ɗansa da shanu a wani daji kudu da Zariya, kuma da safen nan yake shirin kama hanya. An ce waɗanda aka kwashe iyaka ake kai su a sauke. Bayan na dawo na je kasuwar Sae Sabuwa sau biyu ina tambaya, ba wanda ya gan shi.

Da abin da muka samu muka sayi gero, bai cika buhu ba. An hana fitar da hatsi daga ƙasar, don haka muka kasa shi ƙulli-ƙulli, wani a jakar kyamara, wani a hannayen rigar sanyin nan muka ɗaure bakinsu, wani muka yi ɗamara da shi ƙarƙashin riga har muka yi tumbi kamar 'yan kasuwa. A Katsina ba mu biya gidan Baba Alhaji ba. Muka bi wani mai raƙumi da ya san hanya, muka tsallaka ba wanda ya tare mu. Laminu bai cika magana ba a hanya. Abinci ma sai ya juya baya yake ci, don bai saba da hagu ba kuma yana jin kunyarta. A Gazawa muka ga hadari ya haɗu a gabas, mutane suka fito suna kallo, iska ta watsa shi.

Mun shiga Gidan Sori da yamma. Yaya Hadiza tana tsakar gida. Ta dube shi, ta dubi hannun, ta shiga ɗaki ta ɗebo ruwa ta durƙusa ta ajiye masa ta ɓangaren hagu. Ta yi masa sannu da hanya, ya amsa. Ya yi mata gaisuwar rashi, ta amsa. Iyakar abin da na ji sun ce ke nan. Yaran suka tsaya daga nesa, Mariyama ta ɓuya bayan rumbu, ba ta gane shi ba.

Muka kwance ƙulle-ƙullen muka zuba a masaki. A nan gardama ta tashi. Laminu ya ce a daka a ba yara su ƙoshi, ya gaji da binne abu a ƙasar nan. Yaya ta ce irin da ta ɓoye tun bara sun cinye shi lokacin ciwon yarinyar, in aka ci wannan, ko ruwa ya zo ba abin shukawa. Ta auna kaɗan ta yi kunu, sauran ta ɗaure ta kai ɗaki ta sa ƙarƙashin gadonta.

Na yi niyyar komawa Agiye, sai ruwa ya sauko kafin in tashi, ruwa sosai, har ya kwanta a tsakar gida. Da gari ya waye duk wanda ya rage a garin ya fita gona. Laminu ya ɗauki sungumi da hagu ya sara, ya kauce. Ya sake, ƙotar ta kuɓuce ta faɗi. Na miƙa hannu zan karɓa, Yaya ta riga ni. Ta ɗaure zane ta shiga gaba tana sara, ta ce ni in kama layi na biyu da sungumin maƙwabci. Laminu ya rataya ƙoƙon iri a wuya ya bi bayanta, inda mata da yara suke bi, yana zuba ƙwaya da hagu yana rufewa da diddige. Mutanen gonar kusa suka ɗaga kai suka gani, suka mayar da kai ga aikinsu.

Mun kai tsakiyar gona na waiga. Mariyama tana biye da ubanta a tsugune, tana tone ramukan da ya rufe, tana tsince geron tana sawa a baki har da ƙasa. Ta yi layi guda haka ba wanda ya lura. Laminu ya juya ya gan ta. Ya daka mata tsawa ya ɗaga hannu, hannun daman da ya saba, ya tsaya da shi a sama. Yarinyar ba ta gudu ba, ta kafa wa hannun ido tana tauna.

Ya sauke shi a hankali. Ya ɗebo gero daga ƙoƙon ya cika mata tafi, ya ce ta je inuwa ta zauna. Sannan ya koma farkon layin, ya fara zubawa daga ramin farko.